Kada a sayar da shanun huɗa don kuɗin mujalla

Wasiƙar wannan makon daga wani ƙauye take a ƙasar Gumel, jihar Jigawa. Na taƙaita ta, na cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Baba Malam. Ni malama ce a wata jami'a, fannina nazarin ƙwayoyin halitta, aikina a kan wake ne da ƙudujin da ke kashe shi. A ƙauyen maigidana nake zaune, daga nan nake zuwa aiki. Shekara shida ke nan da na kama aiki. Muƙaluna bakwai, an ambace su sau 31 a Google Scholar, shafin da ke ƙirga ambaton muƙalu, ma'aunin h ɗina, lambar da ake auna mai bincike da ita, 3 ne. Wanda muka kama aiki rana ɗaya da shi muƙalunsa sun haura arba'in, h ɗinsa 14, har an ƙara masa girma ya bar ni a baya. Abu biyu ke hana ni barci. Wata mujalla ta ƙasar waje ta karɓi sabon aikina cikin kwana tara, tana neman dala 900. Maigidana, Allah ya saka masa, ya ce zai kai shanun huɗarsa kasuwar Maigatari ya biya, ga damina ta ƙarato. Na biyu, abokan aikina suna da wani tsari da suke kira adashi: duk wanda ya rubuta muƙala sai ya sa sunayen sauran, ya kuma ambaci ayyukansu a ciki. Sun ce in shigo, wai ni kaɗai nake wahalar da kaina. Baba, ƙoƙari ne ba ni da shi, ko zaman duniya ne ban iya ba?"

Wa alaikumus salam, 'yata.

Shanun nan kada a taɓa su. Da wannan na fara domin shi ne ba ya jira: ranar Alhamis Maigatari za ta ci, kuma sa in ya hau mota ya tafi ke nan. Ki samu maigidanki a natse, ki yi masa godiya irin wadda ta kamace shi, don ba kowane namiji ke miƙa abin nomansa saboda aikin matarsa ba. Sannan ki gaya masa kuɗin ba zai sayo abin da yake zato ba. Daminar ƙasarku gajera ce. Wanda ba shi da nasa shanun sai ya jira mai haya ya gama tasa gonar da ta surukansa, kafin a zo kansa ciyawa ta ci ƙarfin gero. Ga kuma bakin dangi. Ko shi bai ce uffan ba, ba za a rasa wadda za ta riƙa faɗa a gidan suna da gidan biki cewa bokon matarsa ne ya cinye shanun gidan ba, kuma da wannan maganar za ki zauna shekara da shekaru.

Ko da mujallar ta kirki ce, haka zan ce miki. Balle ina shakkar ta, kuma kwana taran nan ne ya jawo shakkar. A mujalla ta gaske edita ne zai fara duba aikin, sannan ya nemo masana biyu ko uku da suka san fannin. Su kuma mutane ne masu nasu aikin, ba biyan su ake yi ba, sai an yi ta bin su da tuni. In sun karanta, da tambayoyi suke dawowa: irin wake nawa kika gwada, sau nawa kika maimaita, ina samfurin da kika sa don kwatance, me ya sa layin nan na hoton jel, wato hoton sakamakon gwajin DNA, ya fito dishi-dishi amma kika ƙirga shi. Ki gyara ki mayar, wani lokaci a sake dawo miki da shi. Wata uku, wata shida, duk ba abin mamaki ba ne. To ki koma ki buɗe saƙon da suka aiko miki. Idan babu rahoton masu tantancewa, ko kuwa layi biyu ne na yabo sai lambar asusun banki, ki tabbata ba wanda ya karanta aikinki.

A 2013 wani ɗan jarida mai rubutu kan kimiyya, John Bohannon, ya ƙirƙiri muƙalar bogi kan wani sinadari da wai yake hana ƙwayoyin cutar daji girma. Ya cusa mata kurakuran da duk mai ilimin fannin zai gano a karatun farko, ya aika wa mujallu 304 masu karɓar kuɗi. Guda 157 suka ce sun karɓa. Mujallar Science ce ta buga labarin. Abin da ya fi ci mini rai a ciki shi ne sunayen marubuta da na cibiyoyin da ya ƙirƙira duk na Afirka ya sa, don kada edita ya yi mamaki in ya neme su a intanet bai gan su ba. Masu wannan sana'a sun san inda kasuwarsu take: wurin malami mai neman ƙarin girma da gaggawa, wanda ba shi da babba a kusa da zai tambaya.

Tantance mujallar ba shi da wuya, a wayarki ma za ki iya. Kada ki yarda da tambarin Scopus, rumbun da ke jera mujallun da aka tantance, da suka manna a shafinsu, hoto ne, kowa na iya kwafowa. Ki shiga shafin Scopus da kanki, wurin jerin mujallu, kyauta ne, ki sa lambar shaidar mujallar, wato ISSN. Ki yi haka a jerin Web of Science da na DOAJ, su ma rumbunan mujallu ne irinsa. Ki lura ko an taɓa sa ta aka cire, ki kuma dubi adireshin shafin da kyau, don akwai masu satar sunan mujalla ta gaske su buɗe shafi mai kama da nata. In ba ki same ta ba, ki rubuta musu kin janye aikinki tun ba ki sa hannu a takardar mallaka ba, ki ajiye kwafin saƙon da amsarsu. Za ki buƙace su, domin ba a kai aiki ɗaya mujallu biyu a lokaci guda.

Abin da matasanmu da yawa ba su sani ba shi ne ba kowace mujalla ke karɓar kuɗi ba. Da yawa daga cikin tsofaffin mujallun kimiyyar tsirrai hanya biyu gare su: in kina so kowa ya karanta kyauta ki biya, in ba haka ba a buga ba ki ba da ko sisi ba, laburaren jami'o'i su biya kuɗin karatu. Euphytica da Genetic Resources and Crop Evolution suna cikin irin waɗannan, kuma aikin wake abincinsu ne. Don kada aikin ya maƙale bayan ƙofa, kafin ki tura musu sai ki ɗora shi a bioRxiv, rumbun da aka buɗe a 2013 inda ake ajiye muƙala kyauta tun ba a tantance ta ba. Waɗanda dole sai an biya kuwa, yawancinsu suna da takardar neman afuwa ko rangwame, amma lokacin tura aiki ake cike ta, ba bayan an karɓa ba. In duk da haka kuɗi ya kama, ofishin kula da bincike na jami'arku da tallafin TETFund, asusun gwamnati na manyan makarantu, ake dosa, ba turken gida ba. A 2021 mujallar Nature ta yanka wa mai son a buɗe muƙalarsa ga kowa Yuro 9,500. Wannan farashi an yi shi ne don masu tallafin miliyoyi, ba a taɓa nufin mutum ya ciro daga aljihunsa ba.

Sai maganar adashi. Sunan da suka ba shi ma bai dace ba. A adashin gaske kowa guminsa yake zubawa, abin da ya kwasa kuma nasa ne da aka tara masa. A nan ba wanda ya zuba komai, sunaye kawai ake musaya. Sa suna a kan muƙala shaida ce: kina cewa na sa hannu a aikin nan, na karanta, na yarda da abin da ke ciki, in an zo da tambaya ni zan amsa. Ƙa'idar da mafi yawan mujallun fanninki ke bi ke nan. Ke da ba ki ga inda aka yi gwajin ba, ba ki san ko an yi shi ba ma, me za ki ce ran da aka gano hoton jel ɗin daga wata muƙala aka yanko shi aka juya? Ana ganowa kuwa, yanzu har manhajoji ake da su na wannan aiki. A 2023 kaɗai an janye muƙalu sama da 10,000 a duniya, mafi yawansu daga mujallun kamfanin Hindawi. In an janye muƙala ba a ware wanda ya yi da wanda aka yi wa alfarma. Sunayen duka ake jerawa, kuma shafin Retraction Watch, da ke wannan aiki tun 2010, yana ajiye su inda duk mai ba da tallafi zai gani.

Yanzu bari mu dubi lambobin da ke hana ki barci, don na lura kina ba su girman da ba su kai ba.

Ma'aunin h wani masanin fiziks ne a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005. Naki 3 ne, ma'ana kina da muƙalu uku da aka ambaci kowace aƙalla sau uku. Shi ke nan abin da ya faɗa. Da gobe za a ambaci ɗaya daga cikin ukun nan sau 500, h ɗinki na nan a 3. Mai muƙala bakwai ba zai taɓa wuce 7 ba ko da shi ya gano maganin ƙuduji. Ma'aunin bai san wa ya yi aikin ba, wanda ya kwana a ɗakin gwaji da wanda aka liƙa sunansa na tara maki ɗaya suke samu. Bai san girman fanni ba: masu nazarin cutar daji dubbai ne suna ambaton juna kullum, masu ƙudujin wake kuwa 'yan ƙalilan ne a duniya. Bai kuma bambanta wanda ya ambace ki don ya kafa hujja da ke da wanda ya ambace ki don ya nuna kuskurenki ba. Google Scholar kuwa duk abin da ya yi kama da muƙala a intanet yana ƙirgawa. A 2024 wani ɗalibin digirin digirgir a Amurka, Reese Richardson, shi da abokinsa suka rubuta wa kyanwar kakarsa mai suna Larry muƙalun lissafi na bogi, suka rubuta wasu masu ambaton su, suka ɗora a ResearchGate, shafin da masu bincike ke ɗora ayyukansu. Google Scholar ya ba kyanwa ambato 132 da h 11 kafin a ankara a goge. Ban ce abokin aikinki haka ya yi ba, ban karanta aikinsa ba. Cewa nake lamba 14 ita kaɗai ba ta gaya miki komai a kansa ba, kamar yadda 3 ba ta gaya mini komai a kanki ba.

Ma'aunin tasirin mujalla da Eugene Garfield ya kafa shi ma haka: matsakaicin ambaton da muƙalun mujalla na shekara biyun baya suka samu ne a cikin shekara guda, na mujallar ne, ba na marubuci ba. Mutanen fanninki ma suna cikin waɗanda suka gaji da shi. A taron masana ƙwayoyin halitta na Amurka a San Francisco, ƙarshen 2012, aka tsara sanarwar da ake kira DORA, wadda ta nemi a daina auna mai bincike da sunan mujallar da ya buga a ciki.

Amma kada ki ɗauka ina cewa ambato ba shi da amfani. Yana da shi, kuma in kin gane me ke jawo shi, kin gane aikin da ke gabanki. A 2014 Nature ta jera muƙalu ɗari da aka fi ambata a tarihi. Ta farko ta Oliver Lowry ce da abokansa, ta 1951, kan yadda ake auna furotin, an ambace ta sama da sau 300,000. Ta biyu ta Laemmli ce ta 1970, ta uku ta Bradford ce ta 1976, su ma hanyoyin aiki ne a ɗakin gwaji. Muƙalar Watson da Crick ta 1953 kan siffar DNA ba ta ma shiga ɗarin ba. Abin da mutum ya ɗauka ya yi aiki da shi, shi yake ambata. Saboda haka tambayar da za ki yi wa kowace muƙalarki ita ce: in wani a Maraɗi ko Tamale ya karanta, me zai ɗauka ya sa a nasa aikin gobe?

A nan ne nake ganin kin raina abin da ke hannunki. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, kuma ƙudujin wake ba iri ɗaya ba ne, jinsi-jinsi ne, waken da ya jure na wata ƙasa sai ya faɗi a wata. A 2009 Michael Timko na Jami'ar Virginia da abokin aikinsa suka buga a Science cewa sun ware ƙwayar gadon da ke ba wani wake ɗan asalin Botswana, B301, juriya ga jinsin da ake kira SG3, wanda shi ne ya addabi Najeriya da Nijar. A 2019 aka fitar da cikakkiyar taswirar gadon wake, kuma irin da aka yi amfani da shi, IT97K-499-35, na IITA ne, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa mai hedikwata a Ibadan. Masu waɗannan ayyuka suna da na'urori da wutar da ba ta ɗaukewa. Abin da ba su da shi gonar da ƙuduji ya yi wa katutu, da tsohuwar da ke ajiye irinta cikin toka a tulu, wadda za ta zuba miki a tafin hannu ta ce wannan Kanannado ne, wancan Ɗan Ila, wannan kuma na kakarta ne ba ya jin ƙuduji ko a jigawa. Ke kuwa da ita kike gaisawa kowace safiya. Zaman ƙauyen da kike gani kamar ya nesanta ki da ilimi, shi ne jarinki.

Sai dai tattarawar ta zama ta ƙa'ida. Kowane iri ki rubuta sunan da masu shi ke kiran sa, ƙauyen, lambobin wurin daga wayarki, irin ƙasar, da abin da manomin ya ce a kansa. Ganyen da za ki ciri DNA ki busar da shi da ƙwayoyin silika a ƙaramar leda mai zif, ki huta da fargabar firiza ta narke ran da man janareto ya ƙare. Duk jerin DNA da kika samu ki zuba shi a GenBank, rumbun ajiye jerin DNA a intanet, kyauta ne, ki sa lambobinsa a muƙala. Ki rubuta hanyar aikinki dalla-dalla, har jerin firaima, guntayen DNA da ake fara gwaji da su, da zafin kowane zagaye na PCR, hanyar ninka DNA a ɗakin gwaji, yadda ɗalibi a wata ƙasa zai bi ya samu abin da kika samu. Sannan ki daina yanka aiki ɗaya gida uku. Iri goma sha biyu a damina ɗaya a gona ɗaya ba ya gamsar da kowa, ko a wace mujalla ya fito. Iri ɗari da wani abu, damina biyu, gonaki biyu masu ƙuduji, tare da alamomin DNA, wannan duk mai kiwon irin wake sai ya bi ta kansa.

Ba kuma sai kin yi ke kaɗai ba. IITA na da tasha a Kano, Jami'ar Bayero na da Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna, ga cibiyar binciken noma ta IAR a Samarun Zariya da aka ɗora wa alhakin wake. Ki rubuta wa waɗanda kike karanta ayyukansu, gajeren saƙo: ga irin da na tara, ga abin da na gani a gona, ga abin da na rasa. Amma kafin ganye ko iri ya bar hannunki, a rubuta a takarda wa zai zama marubuci na farko. An sha ganin wanda ya sha ranar gona ya ƙare a layin godiya.

Za a ba ki labarin Katalin Karikó, wadda jami'arta ta rage wa matsayi a 1995, muƙalarta da Drew Weissman ta 2005 ba ta ja hankali ba sai daga baya, sannan suka karɓi kyautar Nobel a 2023 saboda aikin nan ne ya share fagen rigakafin korona na mRNA. Labarin gaskiya ne, amma kada ki mai da shi matashin kai. Mafi yawan muƙalun da ba a ambata, ko dai aikin bai yi ƙarfi ba ko ba a gan shi ba. Na biyun yana da sauƙin magani. Ki buɗe lambar ORCID, lambar shaidar mai bincike, ki tsayar da rubutun sunanki ɗaya, kada yau da na mahaifi gobe da na miji, don rumbunan bincike sai su raba ki mutum biyu. Ki sa kalmomin da ake nema da su a kan muƙala, sunan wake da na ƙuduji na kimiyya da sunan yankin.

Ba zan ɓoye miki ba, wannan hanya za ta iya jinkirta ƙarin girmanki. Kwamitocin jami'o'inmu ƙirga suke yi, musamman a matakan ƙasa. Ki nemi kundin ƙa'idojin ƙarin girma na jami'arku ki karanta da kanki, kada ki dogara da hirar ɗakin malamai. Ki ga maki nawa ake ba marubuci na farko, nawa ake ba mujallar da ke Scopus, nawa ake ba ta gida. Mujallun gida na ƙungiyoyin masana da ke AJOL, rumbun mujallun Afirka a intanet, masu tantancewa ta gaske, halal ne ki cike gurbi da su da ƙananan ayyukan ɗalibanki, muddin aikin na gaske ne. In an kai matakin farfesa kuwa, muƙalun ake tattarawa a aika wa masana na waje su karanta, kuma wanda ya iya karatu ba ya kai muƙala ta biyar bai gane mai fanni ɗaya da wanda sunansa ke kan kaji yau, gobe siminti, jibi zazzaɓin cizon sauro ba.

Su kuma 'yan adashi, tare za ku ci gaba da zama, kada ki hau mumbari a kansu. Ki ce kin gode da suka tuna da ke, amma ke ba kya iya kare abin da ba ki gani ba. Ki buɗe musu ƙofa ta gaske: wanda ya iya lissafin alƙaluma ya zo ya duba sakamakonki, masanin ƙasa ya bi ki gona ya ɗebi samfur, duk wanda ya sa hannu sunansa zai fito da haƙƙinsa. Za ki samu ɗaya ko biyu da dama can ba don son ransu suka shiga ba. Wani kuma zai iya sa sunanki ba da saninki ba, yana ganin alheri ya yi miki. In haka ta faru ki rubuta masa a rubuce ya cire, cikin ladabi. In ya ƙi, ki rubuta wa editan mujallar, ki ajiye kwafin duka biyun.

Wassalam.